Akwatin Maganin Inna

Ya 'yan uwa, ku gyara zama ku ba ni hankalinku.

An yi wani mutum mai gyaran firiji da fanka, yana da ɗan shago a bakin titi. Shagon cike yake da matattun injina da wayoyin lantarki, sai ka tsallake abu uku kafin ka sami wurin tsayawa. 'Yan unguwa Injiniya suke ce masa, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba. Ba ya shaye-shaye, ba ya caca, sahun gaba a masallaci ba ya wuce shi. Ciwonsa ɗaya ne, yana son a ce shi ne.

Shi ne babba a ɗakinsu, yana da ƙanne uku. Mahaifiyarsu, wadda suke kira Inna, a gidansa take zaune, ga tsufa ga hawan jini. Ranar da likita ya ɗora ta a kan magani, Injiniya ya tara ƙannensa ya bugi ƙirji ya ce, "Maganin Inna nawa ne. Kada wanda ya sa mini hannu." Aka yi ta sa masa albarka.

A lokacin abin da sauƙi. Ya sa ta a inshorar lafiya, su ne ke biyan mafi yawa, shi ya cika ɗan abin da ya rage. Ya sayo ɗan akwatin roba mai gida bakwai, kowace rana da gidanta. Duk ƙarshen mako sai ya zauna a bakin gadonta ya ɓare ƙwayoyin ya zuba. In akwai baƙi a falo, har ɗaga murya yake yi don a ji.

Wata rana ya je karɓar magani, ma'aikaciyar da ke bayan taga ta duba kwamfuta ta ce an cire wannan daga cikin waɗanda inshora ke biya, sai dai su saya a waje. Ya je kemis, aka faɗa masa kuɗin, ya sake tambaya ko kunnensa ne. Ya daure ya saya. Wata ya zagayo, kuɗin ya ƙara hawa, aiki kuma ya ja baya.

To, me ya kamata ya yi? Ya kira ƙannensa ya ce kaya sun yi masa nauyi. Ko ya koma wurin likita ya ce a duba masa wani mai sauƙi wanda inshora ke biya. Maganar minti biyu ce. Amma bakin da ya ce kada a sa masa hannu, ya za a yi ya buɗe ya ce a taimaka? Kuma kada ku ji tausayinsa da wuri. A cikin watan nan ya sake fentin allon shagonsa, ya canza waya, don kada a ce Injiniya ya yi sanyi.

Sai ya sayo ƙwayar bitamin, 'yar farar nan mai araha, girmanta ɗaya da maganin. Ya ɓare a shago ya ƙunsa a takarda, ya zo ya zuba a gida bakwai ɗin nan. Ya ce a ransa wata ɗaya ne kawai, kafin abubuwa su daidaita. Haka Shaiɗan yake yi, ba ya taɓa ce maka shekara.

Ranar asibiti aka auna Inna, jini ya hau. Likita ya ce, "Ana ba ta maganin kuwa?" Injiniya ya ce, "Da hannuna nake zubawa." Likita ya ɗauki biro ya ƙara ƙarfin maganin. Wata na gaba jini bai sauka ba, ya sake ƙarawa. A karo na uku likita ya juya ga tsohuwar, a gaban ma'aikata, ya ce, "Mama, ko dai zubarwa kike yi? Ki faɗa mini gaskiya." Ta sunkuyar da kai. Ɗanta yana tsaye riƙe da jakarta. Da suka koma gida ƙannen suka bugo waya, ya ce musu, "Kun san tsufa, sai haƙuri."

Ya 'yan uwa, kun ji? A yi wa uwarka faɗa a kan laifinka, kai kana tsaye kana gyaɗa kai!

Ana nan sai ya sami aikin haɗa ɗakin sanyi a wani gari. Ya cika akwatin na mako guda ya tafi, autarsu, malamar makaranta, ta zo ta zauna da Inna. Aiki ya ja, mako ya cika bai dawo ba, akwati ya ƙare. Auta ta ɗauki takardar likita ta ƙarshe ta tafi kemis, ta sayo maganin gaskiya daidai yadda aka rubuta. Ta kira shi da murnarta ta ce, "Yaya, na sayo wa Inna magani, ka yi aikinka kada ka damu." Yana kan tsani lokacin. Nan ma ƙofa ce Allah ya buɗe masa, da zai ce mata ta dakata. Sai ya ce, "To, Allah ya yi albarka."

Jikin da ya yi wata huɗu bai ga magani ba, ga shi an ba shi wanda aka ƙara wa ƙarfi har sau biyu. Safiya ta uku Inna ta miƙe a banɗaki, jiri ya kwashe ta, ta faɗi a kan siminti, ƙashin ƙugunta ya karye.

Ya iso asibiti ya tarar da ƙannensa sun kewaye gado. Likita yana juya takardu yana cewa abin bai hau lissafi ba. Ya za a yi maganin da ya yi watanni bai motsa jinin ba, ya kayar da shi ƙasa cikin kwana uku? Sai tsohuwar ta ce da 'yar muryarta, "Ni ce, likita. Ba na sha, zubarwa nake yi. Da wannan ta zo ne ta tsare ni." Ƙannen suka hau ta da faɗa, "Haba Inna! Yaya yana ta wahala a kanki!" Shi kuwa ya kafa wa ƙasa ido.

Da la'asar kowa ya fita ya rage su biyu, ta yafito shi da hannu. Ta ce, "Tun ranar farko na gane. Wancan yana da ɗaci, naka babu. Na ce babu ce ta kama ka, kada in tona maka asiri a gaban ƙannenka."

Bai ce ta yafe masa ba. Kunyar da ba ta hana shi aikatawa ba, ita ta hana shi roƙon gafara. Ya ce bari ya je ya samo mata ruwa, ya fita.

Inna ba ta sake takawa ba. Ta yi wata huɗu a kwance, Allah ya karɓi abarsa. Duk tsawon kwanakin nan Auta ke jinya, tana kuka tana cewa da ba ta tsare Inna ta sha ba da yanzu tana kan ƙafarta. Masu gaisuwa kuwa hannun Injiniya suke riƙewa suna cewa, "Kai ka fita haƙƙin uwarka, Allah ya ba mu irinka." Kowace kalma sai ya ji kamar an ɗora masa garwashi. Abinci ya gagare shi.

Da abin ya ƙi ƙarewa ya tara ƙannensa, a falon da ya taɓa bugun ƙirji, ya faɗi komai. Mazan biyu suka tashi suka fita. Auta ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Yaya, wata huɗu kana kallona ina cewa ni na kashe ta."

Daga ranar ba ta sake taka gidansa ba. Magana kuma ta fita. Mutane suka fara cewa wanda ya musanya wa uwarsa magani, me zai saka maka a cikin firiji? Aiki ya ɗauke, shago ya rufe. Yanzu in ya hango wanda ya san shi, sai ya sauya hanya.

Ya 'yan uwa, magani ya yi tsada, wannan gaskiya ne. Inshora tana biyan wani ta bar wani. Tsofaffi nawa ne a cikinmu suke raba ƙwaya biyu don ta kai ƙarshen wata, 'ya'yansu ba su sani ba? Rashi ba zunubi ba ne. Abin da ya hallaka mutumin nan son yabo ne da ƙarya. In kaya sun fi ƙarfinka, ka faɗa. Ka faɗa wa ɗan uwanka, ka faɗa wa likita gaskiyar abin da mara lafiya yake sha, don da maganarka yake rubutu. Wanda kuma iyayensa ke raye, yau in ka koma gida ka zauna kusa da su ka tambaya, ka buɗe ledar maganin ka gani da idonka. Su ba za su faɗa maka ba, rufa maka asiri suke yi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya hore mana abin kula da iyayenmu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya kiyaye mu daga yabon da ba mu cancanta ba, da kunyar da ke zuwa bayan lokaci ya ƙure. Amin.