Nomau da Rabon Tsuntsu

"Ga ta nan, ga ta nanku. Ku matso, ba zan ɗaga murya ba."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

Wani gari ne can bayan duniya, mai yawan itatuwa da ruwa mai daɗi. Mutanen garin suna da wata al'ada: in an zo girbi, kowane manomi yakan bar gero a kusurwa ɗaya ta gonarsa, ba ya yanka. Rabon tsuntsu suke ce masa. Ba wanda ya san ranar da aka fara, haka kowa ya tashi ya tarar.

A garin akwai wani manomi ƙaƙƙarfa, sunansa Nomau, da matarsa Tasalla. Nomau ba mugu ba ne, amma yana son a yabe shi. In aka ce masa "Kai ne namiji," ko dutse ka nuna masa sai ya sara.

To, akwai Gizo. Shi Gizo tsuntsaye sun hana shi sakat. Ƙwarin da yake son ci su ke cinyewa, in ya yi sake ma har shi su haɗa. Sai ya naɗa ƙaton rawani ya tafi gonar Nomau.

"Sannu da aiki, namijin duniya! Wannan geron na kusurwa fa, na wane ne?"

"Na tsuntsu ne."

"Tsuntsu ya taya ka noma?"

"A'a."

"Ya taya ka huɗa?"

"A'a."

"To, don me zai taya ka ci?"

Nomau ya ga kamar maganar ta kama hankali. Ya yanke geron kusurwa ya kai rumbu. Da maƙwabta suka ga rumbunsa ya fi nasu cika, kowa ya yanke nasa.

Da shekara ta zagayo, Gizo ya dawo. "Namijin duniya, har yanzu ɓarayin nan suna satar muku hatsi. A ina suke sauka?" Nomau ya ce, "Kan itatuwan gona." Gizo ya ce, "Ashe gatarinka ado ne?" Nomau ya sare kanya, ya sare ɗorawa, ya sare marke. Mutane suna tafa masa, shi kuwa kai yana ƙara kumbura.

Karo na uku Gizo ya zo ya ce, "Saura na cikin gari." Tasalla ta riƙe hannun mijinta ta ce, "Maigida, ka bar tsamiyar ƙofar masallaci. A inuwarta aka raɗa maka suna." Nomau ya ce, "Ke dai ki yi tuwonki." Ya tafi ya kayar da ita. Tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya, suka kewaya garin suna neman wurin sauka, ba su samu ba, suka yi gabas.

Wayyo, 'ya'yana, abin da ya biyo baya ba daɗin faɗa. Fara ta zo, ba mai cin ta. Tsutsa ta shiga gero, ba mai tsince ta. Hadari ya riƙa haɗuwa yana wucewa bai zubar da ko ɗigo ba. Kogi ya ƙafe, rijiyoyi suka koma ramuka, ƙasa ta tsattsage. Gizo kuwa ya saƙa yanarsa daga ganuwa zuwa ganuwa har ta rufe sama, rana ta koma kamar ana hango ta ta cikin tsumma. Ya yi ƙiba, ya hau gado ya zama mai gari. Kowace safiya mutane su yi layi da ƙwarya, ya sakar musu fara daga yanarsa, su durƙusa su yi godiya. Wanda duk ya ambaci tsuntsu, ranar ba shi da rabo.

Mutane suka fita roƙon ruwa, sama ta yi shiru. Suka sake fita, suka juya rigunansu, suka yi kuka, shiru. Suka fita na uku har da jarirai, ko iska ba ta motsa ba.

Tasalla ta kwanta ciwo saboda ƙishi da cin fara. Leɓunanta suka bushe, muryarta ta dushe. Nomau ya duba ya ga in ruwa bai sauka ba, matarsa ba za ta tashi ba.

Da gari ya waye ya buga ƙasa ya yi taimama, don ruwan alwala ya daɗe da zama labari. Ya idar da salla ya zauna. Sai ya ji wani abu da bai taɓa kula da shi ba: shiru. Da can, kafin ladan ya buɗe baki, tsuntsaye sun riga shi. Yanzu ba kurciya, ba kanari, ba kowa. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

Ya miƙa hannu cikin jinkar ɗaki ya zaro zangarniyar gero ɗaya, irin shuka na ƙarshe da ya rage a garin. Tasalla ta ce, "Ina za ka da shi, Maigida?" Ya ce, "Zan mayar wa masu shi."

Ya yi gabas. A cikin busasshen kogi ya tarar da Kwaɗo ya binne kansa a yashi.

"Kwaɗo, mun roƙi ruwa, an hana mu. Me ya sa?"

Kwaɗo ya ce, "Wa kuka roƙa wa?"

"Kanmu."

"To, ni da nake kuka duk damina, da ni da ku nake roƙa wa. Wuce gaba."

Ya wuce, ya tarar da Damo kwance a kan kututture. Ya yi masa tambayar nan. Damo ya ce, "Wannan kututturen gidana ne da. Ka san wanda ya sare shi?" Nomau ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne." Damo ya ce, "Tunda ka iya faɗa, wuce gaba."

Ya yi ta tafiya har ƙafarsa ta fashe. A bakin wani dutse ya tarar da tsohuwar Kurciya, gashinta duk ya zube. Ya durƙusa ya ajiye zangarniyar a gabanta.

Kurciya ta ce, "Me ka kawo?"

"Rabonku ne da na ci."

"Kai kana tsammani kyauta kuke ba mu?"

"Da haka nake tsammani."

Ta ce, "Ɗan Adam, ruwan da kuke sha ba don ku kaɗai ake saukar da shi ba. Mu ma bayin Allah ne. Muna roƙo, itace yana roƙo, kwaɗo yana roƙo, sai a zubo wa kowa, ku ma ku samu a ciki. Kun kori abokan roƙonku, kun tsaya ku kaɗai kuna mamaki."

Nomau ya fashe da kuka, ƙaton mutum kamar yaro. Ya ce, "Na tuba. Ku dawo, matata tana mutuwa."

Kurciya ta ce, "Mu dawo mu sauka a ina?"

Nomau ya tuna itatuwan da ya sare. Can ya ce, "Ku dai biyo ni."

Kurciya ta kira 'yan'uwanta, suka biyo shi har gonarsa ta bayan gari. Suka yi ta shawagi, fukafukansu sun gaji, ba reshe ko ɗaya. Har sun fara juyawa. Sai Nomau ya tsaya tsakiyar gona, ya ɗaga hannayensa sama kamar mai addu'a, ya ce, "Ga reshe."

Kurciya ta sauka a hannunsa na dama. Kanari ya sauka a na hagu. Sauran suka cika kafaɗunsa da kansa. Nomau ya buɗe baki, wannan karon bai ce "ka ba mu" ba. Ya ce, "Ya Allah, ka shayar da tsuntsu, ka shayar da kwaɗo, ka shayar da damo. In akwai saura, ka tuna da Tasalla."

Gizo ya ji labari ya rugo, tumbi yana rawa. "Namijin duniya, sauke hannunka, ka gaji!" Nomau bai kula shi ba. "Sauke, in ba ka rabin gari!" Ko kallonsa bai yi ba. "Sauke, ko in hana matarka fara!" Nomau ya ji hannayensa kamar za su tsinke, amma ya san in ya sauke, tsuntsaye za su tashi, kuma ba za su ƙara dawowa ba. Ya cije.

Tsuntsaye suka fara kuka gaba ɗaya. Hadari ya haɗu, ya yi baƙi, wannan karon bai wuce ba. Ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, ya yayyaga yanar Gizo, ya cika kogi. Gizo ya ga tsuntsaye sun zuba masa ido, ya yar da rawani ya shige lungun ɗaki, inda kuke ganinsa har yau.

Maƙwabta suka ɗiga wa Tasalla ruwa a baki, ta farfaɗo. Da ta iya tashi, ta dogara sanda ta tafi gona neman mijinta. Ba ta ga mutum ba. Wani itace ta gani tsaye, saiwarsa ta kama ƙasa, rassansa a sama, cike da tsuntsaye. Ta dafa jikinsa ta ce, "Maigida, ruwa ya sauka, ka sauke hannunka haka nan." Bai sauke ba. Ta zauna a gindinsa ta yi kuka har ta gaji.

Shi ne itacen da ake ce wa gawo. Da damina yakan zubar da ganyensa don ruwa da rana su isa ga gero, da rani kuma ya yi ganye don tsuntsu da dabba su sami inuwa.

To, kun ji. Duniyar nan ba taku ba ce ku kaɗai. Wanda ya hana wata halitta rabonta, nasa rabon yake tarewa, kuma gyara yakan ci abin da ɓarna ba ta ci ba.

Ƙungurus kan kusu. Ƙaryar ciki ta Gizo ce, ku bar masa abarsa, ku ɗauki sauran ku tafi da shi.