Kujerar Makkar Inna Tasalla

An yi wani mutum, jama'a, wani bawan Allah a wani gari da ba sai na kama suna ba. Labaran ake ce masa. Yana aiki a hukumar da ke sa wa bankuna ido. A zube masa lissafin banki a kwamfuta, ya tona, ya faɗi ko an jefa ajiyar mutane cikin haɗari.

Wata rana ya tona wani banki, ya ga abin tsoro. Mai bankin, Alhaji Na'iya, ya kwashi yawancin ajiyar talakawa ya zuba a riɗi, yana jiran tsada. In farashi ya karye, ajiya ta bi ruwa. Labaran ya hau rubuta rahoto.

Labarin rahoton ya kai kunnen Alhaji. Ku saurara ku ji wayonsa. Bai aika wa Labaran ko sisi ba, ya san ba zai karɓa ba. Sai ya tsallake shi, ya aika wa tsohuwarsa, Inna Tasalla, kujerar Makka. Matar da ta tsufa a bakin kaskon ƙosai tana roƙon Allah ya nuna mata Ka'aba!

Labaran ya dawo ya tarar ana guɗa. Har Inna ta fara bi gida-gida neman gafara, yadda maniyyata ke yi. Sai ga wayar Alhaji.

“Malam Labaran, saƙo ya iso? Don Allah na yi. Sai dai rahoton nan, a ɗan sassauta. Riɗi ai ba ya faɗuwa.”

“Ranka ya daɗe, bara ma ya faɗi.”

“To, kai za ka gaya mata ta fasa.”

Da mata suka watse, ya durƙusa gaban Inna.

“Inna, kujerar nan toshiyar bakina ce.”

“Fito mini a mutum, ban son kwana-kwana.”

Ya zayyana mata komai. Ta share ido da bakin zane.

“Yanzu fisabilillahi, har Ladi na je na roƙa gafara, matar da ta shekara tana zagina! Kira min Alhajin.”

Ya kira, ta karɓe wayar.

“Alhaji, Tasalla ce mai ƙosai. Na gode ƙwarai. Kujerarka tana nan, a zo a ɗauka. Yaron nan haifarsa na yi, ban sayo shi a kasuwa ba, ba kuma zan kai shi kasuwa ba.”

Washegari Labaran ya miƙa rahoto yadda yake, ko wasali bai taɓa ba. 'Yan gulma suka sa wa Inna “Hajiyar bakin kasko”. In sun kira, ta amsa da ƙarfi. Har ta koma ga Allah, ba ta taka Makka ba.

Na ga wani can yana son tambaya: riɗin ya faɗi? Faɗi ko kar ya faɗi, amana amana ce! Wanda ya kasa sayenka, ta kan wanda kake ƙauna zai biyo, ya naɗe haram cikin farin ƙyalle. Ku samari masu neman irin wannan aiki, ku shirya wa wannan rana. Ku kuma iyaye, in kyauta ta shigo gida don kujerar aikin ɗanku, kafin ku yi guɗa ku tambaya: me ake so ya yi shiru a kai?