Tiyon Birkin Da Ya Gani Ya Yi Shiru

Akwai wani makanike da mutane ke kira Mai Sifana. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana shiga ƙarƙashin motocin mutane, har ciwon baya ya sa shi rufe gareji ya dawo gida. Mutum ne mai hannu, amma fa mai zuciya. In ransa ya ɓaci ba ya ɗaga murya, shiru yake yi.

Gida ɗaya suke da ƙaninsa da kowa ke kira Auta. Sashen wa a dama, na ƙane a hagu, ɗakin mahaifiyarsu Inna a tsakiya. Mai Sifana ne ya riƙe Auta tun bayan rasuwar mahaifinsu. Da wannan hannun nasa mai baƙin mai ya tura shi makaranta, har ya zama ma'aikacin ofis mai guga da turare.

Wata rana Auta ya shigo gida da wata tsohuwar jif, irin mai ja da tayoyi huɗu, wadda ake shiga daji da ita. Fentinta ya koɗe, kujerun sun yage, amma injin lafiya lau. Tun daga ɗaki Mai Sifana ya ji kukanta, ya fito yana murmushi. Ya zagaye ta sau biyu, ya bubbuga bodin da bayan hannu.

"Ka samu ƙarfe, Auta. Ka bar min ita wata biyu, ka ga aiki."

"A'a Yaya, da kaina zan yi. Komai yana cikin waya."

Maganar ta soke shi, amma ya haɗiye.

Daga nan tsakar gida ya zama gareji. Duk ƙarshen mako Auta zai jingine waya a jikin taya, yana kallo yana kwaikwayo. Ya canza mai, ya wanke tanki, ya sake kujeru, ya yi mata sabon fenti. A faɗi gaskiya, ya yi ƙoƙari. Shi kuwa Mai Sifana yana kan benci yana kallo, hannunsa na ƙaiƙayi. In ya ce, "Wannan notin kada ka matse shi da yawa," sai Auta ya ce, "Na sani," ko juyowa ba ya yi.

Sai Auta ya ce zai ɗaga motar ta ƙara tsayi. Ya sa mata dogayen sifirin, ƙarafan da ke ɗauke da jikin mota, ya ɗaura manyan tayoyi, ya jera fitilu a samanta. Ranar Asabar da ya gama, abokansa uku na ofis suka zo gani. Suna ta ɗaukar hoto, suna kiransa injiniya.

Mai Sifana ya taso, ya dafa ƙugu ya sunkuya bayan tayar gaba. Nan take ya ga abin da yake tsoro. Akwai wani tiyo da ke kai man birki daga jikin mota zuwa taya. Auta ya ɗaga motar amma bai sa mai tsawo ba, tsohon tiyon ya miƙe ƙam kamar tsirkiyar baka. Da zarar tayar ta faɗa rami mai zurfi, za ta finciko shi.

"Auta, zo ka ga wani abu."

"Yaya, don Allah kada ka dafa min sabon fenti."

"Ba maganar fenti nake ba. Ka ɗaga motar nan, amma ba ka..."

"Yaya," Auta ya katse shi yana dariya, "wannan ba irin gyaranku na bakin titi ba ne, a buga da guduma a ce Allah ya tsare hanya. Zamani ya wuce wurin."

Abokan suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "A bar tsoho ya huta, ya yi nasa zamanin."

Mai Sifana ya miƙe a hankali. Ya dubi ƙaninsa, ya dubi hannunsa. Ya ce, "Haka ne. Allah ya sa albarka." Ya wuce sashensa.

Matarsa na ganin yadda ya ja kujera ta san ba lafiya. Ta matsa masa har ya faɗa mata abin da ya gani.

"To Baban yara, ai sai ka koma ka gaya masa."

"Ni? Yaron da na goya a wuyana ya tsaya gaban baƙi ya kira ni mai guduma? Da gudumar aka saya masa takalmin makaranta. Da gudumar ya san hanyar ofis. Yau hannuna ne zai ɓata masa fenti."

"Ya yi rashin kunya, ban musa ba. Amma birki ne fa."

"Gobe shi da abokansa za su hau duwatsu. Man birki zai tsiyaye, su tsaya a daji, ya kira ni a waya a gabansu. Ranar zan ji da wane baki zai ce Yaya."

"In kuma a gangare ya tsinke?"

Ya kau da kai. Ya fi ta sanin amsar.

"In ba za ka faɗa ba, ni zan je."

"In kika taka sashensa a kan maganar nan, ni da ke ne."

Ta haƙura, don ta san halin kayanta.

Washegari ya fita da wuri don kada ya ga tashinsu. Kasuwar kayan mota ya nufa. Ya sayi dogon tiyo da man birki, ya jefa su cikin jakar sifanunsa. Duk hanya yana tsara yadda zai isa wurin su Auta, ya gyara motar cikin minti goma ba tare da ya ce wa kowa uffan ba, ya juyo abinsa.

Da ya dawo da hantsi, babu jif a tsakar gida. Matarsa ta tafi cefane. Ƙofar Inna kuma a kulle.

"Ina Inna?" ya tambayi matar Auta.

"Ai abokan sun fasa zuwa, Yaya. Sai ga waya cewa jikin ƙanwar Inna ya tsananta a ƙauye. Shi ne ya ce bari ya kai ta, tunda motar tana iya hanyar."

Ya san hanyar nan. Duwatsu ne da ramuka, ga wani dogon gangare da ke sauka cikin rafi.

Ya kira wayar Auta, ba ta shiga. Ya sake kira, shiru. Ya karɓi babur ɗin maƙwabcinsa, ya rataya jaka, ya hau hanya. Duk ramin da ya faɗa sai bayansa ya amsa, amma bai sassauta ba. Yana tafe yana zagin Auta a ransa, yana zagin waya, yana zagin abokan. Kansa ne kawai ya kasa zagi.

A tsakiyar gangaren ya tarar da su. Jif ta kwanta a gefenta jikin dutse, manoma sun kewaye ta. Auta na durƙushe, jini na bin goshinsa, ya tallafe kan Inna a cinyarsa. Idonta biyu, amma ko motsi aka yi da ita sai ta cije leɓe.

"Yaya, birki ya tafi," in ji Auta. "Na taka ya shige ƙasa. Na mayar da ita ƙaramar giya, na ja birkin hannu, ta ƙi. Sai na kara ta da dutse, in ba haka ba da cikin rafi za mu faɗa."

Wata motar kaya ce ta taimaka aka kai su asibiti. Likita ya ce ƙashin ƙugun Inna ya karye, sai an yi aiki.

Suna zaune a baranda suna jira, jakar Mai Sifana ta zame daga benci ta faɗi. Sabon tiyon ya fito, ko ledarsa ba a cire ba. Auta ya ɗauka, ya juya shi a hannu. Ya daɗe yana kallonsa.

"Yaushe ka sayi wannan?"

"Yau da safe."

"Kafin a ce maka mun yi hatsari?"

"Eh."

"Ke nan ka sani."

"Na kira ka in nuna maka. Me ka ce min?"

Auta ya miƙe. "Don na faɗi magana sai ka bar ni in je in mutu? Ka zage ni mana. Ka mare ni a gabansu. Ka kwance tayar ka ɓoye. Ni ƙaninka ne, Yaya."

"Jiya ba ka tuna kai ƙanina ne ba."

Sai da wata ma'aikaciyar jinya ta fito ta ce su fita waje in faɗa za su yi, akwai marasa lafiya.

Kwana biyu bayan aikin, Inna ta sa aka kira mata su. Ta riga ta ji komai daga bakin surukarta, matar Mai Sifana. Suka tsaya a bakin gado, kowa na kallon ƙasa.

"Kai Auta, karatunka bai koya maka cewa ba a yi wa na gaba dariya ba? Yayanka ya durƙusa da ciwon baya don ya duba maka, ka mayar da shi abin nishaɗin baƙi."

Auta ya fara hawaye.

Ta juya ga babban. "Kai kuwa naka ya fi ci min rai. Shi bai sani ba, kai ka sani. Ka kwana da shi, ka tashi da shi. Ba don ni ce a motar ba, da har yanzu kana ganin kana da gaskiya. Ka ce min ƙarya nake."

Mai Sifana ya sunkuyar da kai. Ba ƙarya take yi ba.

Ya durƙusa a gefen gadon ya ce, "Inna, ki yafe min." Ya juya ga ƙaninsa ya faɗi haka, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Auta ya riƙe hannunsa.

Inna ta yafe musu. Amma tana kwance a gadon asibitin aka aiko cewa ƙanwarta ta rasu. An ce har ranar ƙarshe tana tambaya ko yayarta ta iso.

Inna ta warke, sai dai ba ta ƙara tafiya ba sanda ba. Har yau, in Mai Sifana ya ji ƙwas ƙwas ɗin sandar a tsakar gida, komai yake yi sai ya ajiye, ya sunkuyar da kai har ta wuce.

Darasi: Kada ilimin da ka tsinta jiya ya sa ka raina wanda ya tsufa a cikin aiki. Kai kuma da aka ɓata wa rai, in ka ga haɗari ka faɗa, ko da wanda za ka faɗa wa bai cancanci ka kula shi ba. Fushinka ba ya zaɓar wanda zai faɗa wa. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai wanda ke riƙe da maganar da ya kamata ya faɗa tun jiya.