Ranar da Dilenia Ta Tsoma Kanta a Teku

Akwai wata mata mai suna Dilenia a wani gari na ƙasar waje da ake kira Barahona. Layi uku ne kacal tsakanin gidanta da bakin teku, amma rabonta da jiƙa kanta a cikinsa tun tana 'yar shekara goma sha ɗaya. Ba tsoron ruwa take yi ba, gashinta take tattali.

Duk Asabar da safe tana shagon Doña Belkis mai gyaran gashi. A wanke kan, a naɗe shi a rola, a cusa ta ƙarƙashin diraya har kunnuwanta su yi ja. Sannan a bi shi da burushi da zafi, a ja shi ya miƙe santal irin na matan da ke talla a talabijin ɗin shagon.

Daga nan kuma ta ƙulla gaba da ruwa sai wata Asabar ɗin. In hadari ya haɗo, kafin ɗigon farko ya sauka ta kifa leda a ka. Ko tukunyar shinkafa za ta buɗe, sai ta kau da kai kada tururi ya yi mata ɓarna. Ita dai ba ta ɗauki wannan wahala ba, don abin da ta taso ta ga uwarta na yi ke nan, haka kuma matan layin suke yi.

Dilenia tana da 'ya ɗaya, Marleni, 'yar shekara tara, mai gashi murɗe-murɗe cike da kai. Yarinyar nan in ta shiga ruwa sai an yi da gaske take fitowa. Har malamar ninƙaya, Profe Ondina, ta zaɓe ta cikin waɗanda za su wakilci makarantarsu a gasar da za a yi ƙarshen wata.

Ana cikin haka bikin ƙanwar Dilenia ya zo, aka kai Marleni shagon Doña Belkis aka miƙar mata da gashi a karon farko. A wurin biki kowa ya ganta sai ya tsaya.

"Kai! Wannan Marleni ce? Yau kam kin zama mutum!"

"Ashe kyakkyawa ce aka ɓoye a cikin wancan dajin!"

Ba wanda ya faɗa da mugun nufi, amma maganar ta zauna wa yarinyar daram a zuciya.

Ranar Litinin Marleni ta ce cikinta na ciwo, ba ta je horon ninƙaya ba. Laraba ta ce kai ne. Kafin Juma'a ciwon ya sauka ƙafa. Da yammacin Juma'ar Profe Ondina ta zo har gida, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Dilenia, yarinyar nan lafiyarta ƙalau, na ga tana tsalle a makaranta. In ban gan ta a ruwa ranar Litinin ba, zan ba wata gurbinta. Ba son raina ba ne, amma akwai masu jira."

Da malama ta tafi, Dilenia ta kira 'yarta ta zaunar da ita.

"Faɗa mini gaskiya, me ya raba ki da ruwa?"

Marleni ta shafa kanta a hankali. "In na shiga, mummunan gashin zai dawo. Hular roba ba ta hana ruwa shiga."

"Wane mummunan gashi? Haba 'yata! Gashinki mai kyau ne yadda Allah ya yi shi."

"To Mami, in mai kyau ne, me ya sa kike gasa naki duk Asabar? Ni ban ma taɓa ganin naki na gaskiya ba."

Maganar ta yi wa Dilenia ciwo, kuma abin da ya fi ciwon shi ne yarinyar ba ta yi ƙarya ba.

Kada ku ce washegari ta fasa zuwa shago. Ina! Ta je, aka gasa kunnuwan kamar kullum. Abin da mutum ya shekara ashirin yana yi ba ya barinsa don magana ɗaya.

Ranar Lahadi suka tafi bakin teku tare da maƙwabta. Maza da yara suka faɗa ruwa, mata suka jeru a ƙarƙashin laima da soyayyen kifi da ayaba, kowacce ta naɗe gashi ta rufe da raga. Dilenia ta waiga gefenta, sai ga Marleni zaune ta harɗe ƙafa irin zamanta, da raga a kai irin tata. Idonta na kan ƙawayenta da ke iyo, har yatsun ƙafarta na motsi cikin yashi, amma ta ƙi tashi.

Tausayi ya kama Dilenia. Ta lissafa shekarun da ta yi ita ma a ƙarƙashin laimar nan tana kallo, ta ga ba za ta iya bar wa 'yarta wannan gadon ba.

Ta miƙe, ta cire raga, ta zare filan gashinta ɗaya bayan ɗaya ta zuba a faranti, ta nufi ruwa.

Doña Belkis, da ke cikin matan, ta zabura da ƙashin kifi a hannu. "Ƙawata! Ina za ki? Jiya-jiyan nan na yi awa biyu a kan gashin nan! Ku riƙe ta, zafi ya taɓa mata ƙwaƙwalwa!"

Dilenia ba ta waiga ba. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Ta toshe hanci ta nutsa. Sai dai ta manta abu ɗaya, ba ta iya ruwa ba. Igiyar ruwa ta zo ta kwashe mata ƙafa, ta sha gishiri har ta hanci.

Kafin mazan su ankara, Marleni ta riga ta isa. Ta kama hannun uwarta ta ja ta inda ƙafa ke taɓa ƙasa.

"Mami, ba haka ake yi ba! Ba a juya wa igiya baya!"

Dilenia na tari tana dariya. "To ki koya mini mana, malama."

Suka daɗe a ciki. Da suka fito rana ta bugi kawunansu, gashin ya fara tattarewa yana murɗewa. Marleni ta tsaya tana kallon kan uwarta, ta miƙa hannu ta ja sili ɗaya, ta sake shi ya koma.

"Laa! Naki ma yana tsalle!"

Ranar Litinin Marleni ta koma horo. Dilenia kuwa ta tafi kantin maganin da take aiki da gashinta murɗe-murɗe cike da kai. Mai kantin, Don Eladio, ya leƙo ta saman tabarau.

"Dilenia, iska ce ta kwaso ki yau?"

"A'a Don Eladio, haka Allah ya yi ni. Yau dai kuka fara ganina."

Ya ɗaga kafaɗa. "In dai ba za ki ba mai tari maganin ido ba, kanki naki ne."

Makonnin farko ba su zo da sauƙi ba. Ba ta san yadda ake taje shi ba, wata rana ya yi kyau, wata rana ya tashi kamar ta yi faɗa da kaji. Wasu suka yi mata dariya a mota, ta haɗiye. Daga ƙarshe Doña Belkis ce da kanta ta zaunar da ita, tana mita tana shafa man kwakwa, tana raba gashin da yatsu.

"Kin ɓata mini sana'a, ƙawata. Amma don Allah ku duba yadda ya zauna mata! Kada ki faɗa wa kowa ni na ce."

Ranar gasa filin ya cika da iyaye. Marleni ta zo ta uku cikin takwas. Ta fito tana haki, ta fizge hular roba, gashinta ya baje yana ɗiga. Ko wurin karɓar lambar yabo ba ta nufa ba, kai tsaye ta ratsa jama'a ta faɗa jikin uwarta ta jiƙa ta sharkaf.

"Cikin wannan taron, yaya aka yi kika gano ni da sauri haka?" in ji Dilenia.

Marleni ta ɗago tana murmushi. "Ai ba wuya, Mami. Kan da ya yi kama da nawa na nema."

Darasi: Yaranmu ba abin da muke faɗa musu suke ɗauka ba, yadda muke yi da kanmu suke kwafa. Gyara ba laifi ba ne, amma duk kwalliyar da za ta sa ki ji kunyar halittarki, ko ta raba 'yarki da baiwarta, ta yi tsada da yawa. Ki so kanki yadda Allah ya yi ki, don akwai ƙananan idanu da ke kallonki. Ku tura wa iyaye mata da 'yan'uwa, wataƙila wata na buƙatar jin wannan yau.