Durƙusa In Auna Ka

Baba, tun da muka rufe ka ban taɓa shafin nan ba. Mutane sai tambaya suke ina hotunan sabon aiki. Yau zan ba su labarinka, amma kamar na wani zan bayar, don ba zan iya cewa "ni da kai" ba.

Akwai wani baduku a garin Dingwall mai suna Murdo. Aikinsa ɗinka kilt na fata, zanen nan da mazanmu ke ɗaurawa ranar biki. Ba ya liƙa tattarar baya da gam irin na kanti. Kowane ninki sai ya huda shi da basilla, ya bi da zare mai kakin zuma. Ulu ana iya warware shi a sake, amma fata in an huda ta ko an yanke, shi ke nan.

'Ya'yansa biyu. Babban, Lachlan, ya tafi Aberdeen aikin mai, ya samu, gida kuwa sai dai a waya. Ƙaramin, Coll, makaranta ta gagare shi, ya zauna a shago.

Da Lachlan ya sa ranar aurensa, Murdo ya sauko da wata baƙar fatar bijimi mai laushi da ya daɗe yana hana kowa taɓawa. Lokacin likita ya riga ya gaya masa zuciyarsa ta gaji. Burinsa ɗaya ya rage, ya ga ɗansa ya shiga coci cikin ɗinkin hannunsa.

Lachlan ya zo ran wata Asabar ana yayyafi, da amaryarsa Ishbel da abokin aikinsa Dougie. Murdo ya zagaya tef a cibiyarsa, ya zagaya a ƙugu, sannan ya ce, "To, durƙusa in ɗauki tsawo."

Haka ake yi a wurinmu. Mutum ya sa gwiwoyi a ƙasa, a auna daga cibiya zuwa daɓe, sai zanen ya tsaya daidai tsakiyar gwiwa.

Dougie ya fashe da dariya. "Kai, ango! Ita ma Ishbel a tsaye ka nemi aurenta, yau ga shi za ka durƙusa wa tsoho. Tsaya in ɗauko waya, 'yan wurin aiki su sha kallo."

Lachlan ya dubi daɓen, duk maiƙo da guntayen fata. Ya dubi farin wandonsa.

"Baba, ka auna a tsaye mana. Ni yaro ne?"

"Yaro ne kai mana, a wurina. Durƙusa, ɗan nan, ba zan daɗe ba."

"Kullum haka kake! Komai sai an bi naka. Abin da ya kore ni daga shagon nan ke nan."

Ishbel ta ja hannun rigarsa. "Haba Lachlan, wando ai ana wankewa."

"Ki bari. Zan dawo ni kaɗai in na samu sarari."

Murdo ya naɗe tef ɗinsa a hankali. "Inna ta dafa romon rago da sha'ir. Ku ci kafin ku kama hanya."

Ba su ci ba.

Murdo bai fasa aiki ba. Ya jera tattara, ya ɗinke su daga ƙugu, ya yanka maɗaurai, ya kafa ƙarafunansu. Wani lokaci numfashi ya sarƙe shi, ya jingina da tebur har ya sake shi, ya ci gaba. Komai ya gama sai bakin ƙasa, ya bar shi da tsawonsa bai yanke ba.

Coll ya ce, "Baba, ka kimanta da ido mana, kai da ka haife shi."

"Zai zo. Bar masa."

In Coll ya kira yayansa, amsar ɗaya ce: "Aiki ya sha kaina, ƙanena. Wata mai zuwa."

Wata safiya, furanni sun fara buɗewa a bakin kogi, Murdo ya zauna a kujerarsa da kofin shayi a hannu. Shayin ya huce bai kai baki ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Lachlan ya shigo shago cikin baƙar kwat. Ya ga zanen a rataye, yana jan ƙasa. Sai ya zube a kan gwiwoyinsa cikin maiƙon nan, ya ce, "Coll, auna ni. Don Allah ka yi sauri, zan faɗi."

Na auna shi, Baba. Na gaji da cewa Coll, ni ne na riƙe tef ɗinka.

Da ya fita na sauko da zanen na juya cikinsa don in sa alama. Sai na tarar da layin alli, ka riga ka ja shi daga gefe zuwa gefe. Na ɗora tef. Daidai da abin da na auna, ko faɗin zare bai kauce ba.

Ashe ka san tsawonsa tuntuni. Ba awo kake nema ba. So kake ya sauko inda hannunka zai kai kansa, ka dafa shi ko sau ɗaya kafin ka tafi.

Na yanke a kan layinka. Lachlan ya ɗaura zanen ranar biki, kowa na yaba ɗinki, shi kuwa yana cewa ƙanensa ne ya fitar da tsawon.

Darasi: Idan tsohonka ya roƙe ka ɗan abu, kada ka tsaya auna girmanka ko dariyar abokai. Sau da yawa ba abin yake so ba, kai yake so, kuma ba ka san kwana nawa suka rage masa ba. Ku tura wa duk wanda ya daɗe yana cewa "wata mai zuwa". Wataƙila ta hannunku ya kai ga Lachlan, don shi ba ya bin shafin nan, ni kuma har yau ban iya gaya wa kowa zancen layin allin nan da bakina ba, ko Inna.