Kwaɓin da Ɓauna Ba Ta Gama Ba

Dalilin da ya sa ɓauna take birgima a cikin taɓo, yara, ba ƙazanta ba ce. Ku matso ku ji, don ni kaina duk sanda na tuna da zancen nan sai in rasa wanda zan ba laifi.

A can da, ɓauna a cikin gari take zaune, tsaf-tsaf da ita, ko ƙuda ba ya samun wurin sauka a jikinta. Wata shekara cikinta ya tsufa da bazara, ga damina ta ƙarato, ita kuwa ba ta da ɗakin da za ta haihu. Sai ta je wurin wasu magina biyu, wa da ƙane, Nomau da Cindo, ta roƙe su.

Nomau, shi ne babba, ya ce, "Wannan mai sauƙi ne. Ke ki taka mana ƙasa, mu kuma mu ɗora gini. Kwana bakwai kin shiga ɗaki."

To, magina suna da al'adarsu. Ba a yin tubali sai mai kwaɓi ya damƙi ƙasar da hannunsa ya ce ta nuna, kuma magini ba ya sa hannu a kwaɓin wani, ko da uwarsu ɗaya. Ɓauna ba ta san wannan ba, ina za ta sani?

Nomau ya haƙa rami ya tara ƙasa. Cindo ya kawo ruwa ya zuba. Ɓauna ta shiga tana takawa har rana ta yi tsaka. Da Nomau ya leƙo sai ya ce ruwa ya yi yawa, ta ƙara busasshiyar ciyawa. Ta ƙara. Can sai ga Cindo, ya ce wa ya cika ciyawa haka, ta ƙara ruwa. Ta ƙara. Kwana uku ana haka, ta rasa gane gabanta da bayanta.

Rana ta huɗu suka haɗu a bakin ramin. Ɓauna ta ce, "Don Allah, bayin Allah, ɗayanku ya taɓa ƙasar nan ya gaya mini. Ta nuna ko ba ta nuna ba?"

Nomau ya mai da hannuwansa baya. "Ai ba kwaɓina ba ne. Wanda ya zuba ruwan farko shi ke da shi."

Cindo ya ce, "Haba Yaya! Wa ya haƙa ramin? Ni in sa hannu a kwaɓin babba, a ce ba ni da kunya?"

"To ni in taɓa naka, a ce na ƙwace wa ƙanena aiki?"

Kun ji fa, kowa yana girmama ɗan'uwansa, amma da jijiyar wuya a tashe. Ɓauna ta dubi wannan ta dubi wancan, ta kasa gane ko faɗa suke ko ladabi. Daga ƙarshe Nomau ya yi gabas, Cindo ya yi yamma. Abu ɗaya kawai bakinsu ya zo ɗaya a kai, kowa ya waiwayo ya ce, "Kada dai ki bari ta bushe."

Baiwar Allah ta ci gaba da takawa. Wani tsohon magini ya zo wucewa, ta tare shi. "Baba, taimaka ka duba mini ƙasar nan."

Ya ce, "Ta wa ce?"

Ta ce, "Wallahi ban sani ba."

Ya ce, "To, wadda ba a san mai ita ba ai ta fi haɗari." Ya yi gaba abinsa.

Da ƙafafunta suka gaji, ga nauyin ciki, sai ta kwanta a cikin ƙasar tana juyi, dama da hagu, don kada saman ya bushe. Abin tausayi, wallahi. Da a ce ta fito ta nemi wani wurin, da ta samu, amma gani take idan ta tafi, ranar za su dawo.

Hadari ya haɗo, ruwa ya sauka, ramin ya zama kududdufi. A nan bakinsa ta haihu, ba rufi ba bango, ruwa na dukan ɗan maraƙin. Da ya yi ƙwari ya ga uwarsa na juyi a laka, shi ma ya faɗa ya kama yi.

Wata rana ya ɗago kai ya ce, "Inna, wai me muke kwaɓawa?"

Ta buɗe baki za ta ce ɗakinka, sai ta ga ya riga ya yi ƙaho, girmansa ya wuce ƙofar kowane ɗaki. Sai kawai ta ci gaba da juyi.

Shi ya sa har yau, duk inda ɓauna ta ga taɓo sai ta kwanta ta yi ta birgima, 'ya'yanta na biye da ita. Ka tambayi ko wacce daga cikinsu dalili, ba ta sani ba, haka ta tarar ana yi.