Kifin Baba Maikano da Fayil ɗin da Jafaru Ya Goge

Akwai wani matashi a Birnin Kudu, Jafaru. Gwanin kwamfuta ne, amma fa akwai ji da kai! Shi ya haɗa wa kawunsa, Baba Maikano, na'urar da ke sabunta ruwan tafkin kifinsa a Gwaram. Famfon ba ya motsi sai da umarninta.

Manhajar da ya rubuta a can cikin zuciyar na'urar take zaune, inda kuskure ɗaya ke kayar da komai. Duk sanda aka haɗa irinta, tana fitowa da fayil ɗin alamomi. In na'ura ta faɗi, shi ke mayar da lambobin da ta zubo su zama sunaye, a gane inda ciwon yake.

Abokiyar aikinsa Sylvia ta ce, "Jafaru, adana fayil ɗin nan."

Ya yi dariya. "Aikina ne zai faɗi? Cin wuri kawai yake yi." Ya goge, ya shiga sauya manhajar a kwamfutarsa yadda ya ga dama.

Ana tsakiyar zafin bazara na'ura ta tsaya cak. Jafaru ya hau babur sai Gwaram. Ya kunna, ta faɗi. Ya sake kunnawa, ta sake faɗuwa. Allon ba komai sai lambobi.

Ya ɗora alamomin sabuwar manhajar da bai gama ba, wai ko a dace. Ina! Suka nuna masa wani wurin daban, ya yi ta gyaran abin da lafiyarsa ƙalau. Ya kira Sylvia.

Ta ce, "Kowace manhaja da nata alamomin. Tsohon rubutun manhajar fa, mu sake fitar da alamominta?"

"Na sauya shi."

Ta ce, "Wallahi ba ni da yadda zan yi maka."

Ruwa ya fara wari. Baba Maikano da matarsa Inna Tani suka yi ta jido da bokiti, amma bokiti nawa zai ishi tafki? Kifaye suka riƙa tasowa ciki a sama. Jafaru na zaune gaban kwamfutarsa yana kallo.

Tsohon ya zo ya tsaya a kansa, wandonsa jiƙe sharkaf. Ko faɗa bai yi ba.

"Ɗana, rufe abin nan. Zo ka taya ni kwashe su kafin su ruɓe."

Darasi: Gwani ma yana kuskure, don haka kada ka toshe hanyar da za ka bi ka gano naka, balle in abincin wani na hannunka. Ku tura wa duk mai cewa aikinsa ba ya faɗuwa.